Sol-jel, ALD ko harbin argon: wace hanya za ka bi wajen shafa wa ilektirod ɗin batir oksaid?

A jami'o'in Saudiyya yanzu, daga KAUST ta Thuwal zuwa KFUPM ta Dhahran da Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, ɗalibanmu na majistir da na dakta da dama suna samun kansu a ɓangaren batir. Akwai 'yan Kano da Damagaram da suka zo da tallafin karatu, akwai kuma 'ya'yan Hausawan Makka da Jidda da aka haifa a nan. Dalilin a fili yake. An kafa kamfanin Ceer a 2022, Lucid ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah a 2023, ga manyan rumbunan ajiyar wuta irin na Bisha. Kuɗin bincike yana bin inda gwamnati ta sa gaba. Cikin ayyukan da mushrif, wato malamin da ke duba bincike, kan miƙa wa ɗalibi akwai wannan: a shafa wa ilektirod (ɗaya daga ɓangarori biyu na batir da wuta ke shiga da fita ta cikinsu, katod da anod) siririn rufi na oksaid mai wuce da lantarki, a ga ko batirin zai ƙara kwana. To sai ɗalibi ya tsaya a mararraba, don hanyoyin yin shafin sun kai huɗu, kuma kowane malami wadda ya saba da ita yake yabo.

Kafin a zo ga na'ura, a fara sanin ciwon da ake son magancewa. Ruwan batirin litiyam yana ɗauke da gishirin LiPF6. Da ya haɗu da ɗan danshi sai ya haifar da asid ɗin HF, shi kuma ya riƙa cin manganis da kobalt da nikel daga fuskar katod. Zafi yana ƙara wa wannan ɓarna sauri, shi ya sa ake gwada batir a digiri 55 idan ana son ganin asirinsa da wuri. A ƙasar da rani kan haura digiri 45 a Riyad da Dhahran, wannan gwajin ba ƙari ba ne, shi ne ainihin aikin. Rufin da za a shafa ana nema masa abu uku a lokaci guda: ya raba katod da ruwan batir, ya bar ilektiron ya wuce, ya kuma bar litiyam ya wuce. Ba kasafai oksaid ɗaya ke cika ukun ba. Al2O3, wanda aka fi yawan amfani da shi, ba ya wuce da lantarki ko kaɗan; sirantarsa ce kawai ke cetonsa. Masu wucewa da lantarkin su ne irin su oksaid na zinki da aka barbaɗa wa alminiyam kamar kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, wato AZO, da ITO mai kashi 90 na oksaid ɗin indiyam da kashi 10 na kuza, da SnO2 mai fulorin, da RuO2 mai tsadar gaske, da Ti4O7. Dabarar ba sabuwa ba ce: batiran nikel na NiMH sun daɗe suna dogara da rufin kobalt a kan garin nikel don lantarki ya samu hanya.

Abubuwan da za ka auna kowace hanya da su

Na farko, kuma shi ya fi sauran nauyi: gari za ka shafa wa, ko ilektirod ɗin da aka riga aka kwaɓa aka shimfiɗa a kan takardar alminiyam? Idan gari ne, rufin zai zauna tsakanin kowace ƙwaya da baƙin kabon ɗin da ke kai mata lantarki, don haka wucewar lantarki ta fi muhimmanci. Idan gamammen ilektirod ne, wuraren da ƙwaya ta taɓa kabon sun riga sun manne, rufin ba zai shiga tsakaninsu ba, kuma ko oksaid marar wuce da lantarki zai iya yin aiki.

Na biyu shi ne zafi. Ƙaron PVDF da ke riƙe ilektirod yana narkewa a wajen digiri 170, saboda haka duk hanyar da ke buƙatar tanda mai digiri 400 ta fita daga lissafin mai gamammen ilektirod. Sai kauri da daidaiton rufi, sai kuɗi, sai hatsari. Na ƙarshe kuma wanda ɗalibai suka fi rainawa: sau nawa a wata hannunka zai kai ga na'urar? Na'urar da ke wata jami'a, wadda sai ka cika takarda ka jira layi, ba daidai take da tandar da ke ɗakin bincikenku ba.

Sol-jel da sauran hanyoyin jiƙawa

Wannan ce tsohuwar hanya. Da ita Jaephil Cho da abokan aikinsa a Koriya ta Kudu suka shafa wa LiCoO2 rufin Al2O3 da ZrO2 a wajen 2000 da 2001, aikin da ya buɗe wannan fage. Za ka narkar da gishirin ƙarfen, misali zinki asitet da ɗan alminiyam naitiret idan AZO kake so, ka zuba garin katod, ka yi ta juyawa har ruwan ya ƙafe a wajen digiri 80, sannan ka gasa a tanda tsakanin digiri 400 da 600 na 'yan sa'o'i. Yawanci nauyin rufin kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari na nauyin garin.

Arharta ba ta da abokin gasa. Injin juyawa mai faranti mai zafi, tanda, kwalabe, shi ke nan, kuma da wuya a samu sashen kimiyya a ƙasar nan da ba shi da su. A mako ɗaya kana iya gwada ma'auni biyar. Masana'antu ma sun fi karkata ga ita da 'yar'uwarta ta busasshen haɗi, inda ake cuɗa garin katod da ƙananan ƙwayoyin oksaid a gasa, don su ne ke ɗaukar tan-tan na kaya.

Amma rufin da take bayarwa ba shimfiɗaɗɗe ba ne. A ƙarƙashin madubin TEM, mai ƙara girman abu da ilektiron, za ka ga wani wuri ya yi tudu, wani wuri fuskar katod a tsirara. Idan ka ƙara zafin tanda don ya daidaita, alminiyam na iya nutsawa cikin ƙwayar, abin ya tashi daga rufi ya koma gauraye, kuma a ranar kare kundi za a tambaye ka wanne ne ya gyara batirin.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne katod mai yawan nikel irin NMC811 (NMC na nufin haɗin nikel da manganis da kobalt). Ba ya jituwa da ruwa: ruwa yana tsotse masa litiyam daga fuska, ya bar LiOH da Li2CO3. Dole a koma ga itanol ko aisofurofanol, kuma sayen itanol a Saudiyya ta hannun jami'a yake bi, da takardunsa, don haka a nema da wuri. Sannan akwai saɓanin da ba a cika faɗa wa ɗalibi ba. NMC811 yana son a gasa shi cikin oksijin, AZO kuwa idan aka gasa shi cikin oksijin a zafi mai yawa sai ya rasa yawancin ƙarfinsa na wuce da lantarki. Kana iya gama aikin ka rubuta cewa ka shafa rufi mai wuce da lantarki, alhali abin da ke kan garinka ya kusa zama katanga. LFP kuma, wato katod na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet, nasa daban ne: idan ka gasa shi a iska, rufin kabon ɗinsa zai ƙone, ƙarfen cikinsa ya canja, sai dai a cikin argon. A ganina ma LFP bai cika buƙatar wannan wahala ba, kabon ya riga ya yi masa aikin.

Hatsarinta matsakaici ne: tururin sinadarai, iskar da naitiret ke fitarwa a tanda, da ƙurar nikel da kobalt wadda bai kamata a shaƙa ba.

ALD

Tuomo Suntola ne ya yi rajistar wannan fasaha ta gina rufi shimfiɗar atom ɗaya bayan ɗaya a Finland a 1974, bayan masana a Tarayyar Sobiyet sun yi aiki makamancinsa tun shekarun 1960. Ana tura tururin sinadari na farko cikin ɗakin da aka zuƙe wa iska, ya manne a fuskar kaya har wurin ya cika ya tsaya da kansa, a kore ragowar da naitirojin, a tura na biyu, a sake korewa. Zagaye ɗaya ke nan. Da TMA, sinadarin da ke ɗauke da alminiyam, da ruwa, kowane zagaye yana ajiye kimanin nanomita 0.1 na Al2O3. Da DEZ, mai ɗauke da zinki, da ruwa, ZnO yana ƙaruwa da kusan nanomita 0.2. Tunda tururi ne, yana shiga kowane lungu na ilektirod, kuma ana iya yinsa a digiri 100 zuwa 150, ƙasa da inda PVDF ke narkewa. A 2010 masu bincike a Jami'ar Kolorado ta Amurka, cikinsu har da Steven George, sun nuna cewa zagaye biyu kacal na Al2O3 yana ƙara wa LiCoO2 juriya sosai, sun kuma nuna a kan girafait cewa shafa wa gamammen ilektirod ya fi shafa wa gari.

Babu hanyar da ta kai ta iko a kan kauri. Idan tambayar bincikenka ita ce wane kauri ne ya fi, ALD ce kaɗai za ta ba ka amsar da za ta tsaya da ƙafafunta.

Sai dai ga mai neman oksaid mai wuce da lantarki, tsugune ba ta ƙare ba. AZO a ALD ana gina shi ne da zagaye kamar 19 ko 20 na zinki, sannan ɗaya na alminiyam. Wannan jerin ɗaya ya riga ya kai nanomita 3 zuwa 4. Wato ba za ka iya yin AZO na gaskiya mai kaurin nanomita ɗaya ba, kuma siririn fim na 'yan nanomitoci ba ya wuce da lantarki kamar mai kauri da ake aunawa a kan gilashi. Idan ka ƙara kauri don ilektiron ya ji daɗi, litiyam zai fara shan wahalar ketarewa. Ƙari a kan haka, AZO ya fi kyau idan an ajiye shi a digiri 200 ko sama, inda ƙaron ilektirod ba zai jure ba. Shi ya sa nake ba da shawarar duk mai yin AZO ko ZnO da ALD ya sa 'yan zagayen Al2O3 a gefe don kwatance. Ba abin mamaki ba ne marar wuce da lantarkin ya yi nasara.

Kuɗinta na da nauyi. Na'urar bincike kanta ta riyal dubu ɗaruruwa ce, ba abin da ɗalibi zai sa a kasafinsa ba. TMA da DEZ suna kama wuta da kansu da sun ga iska, ba a ɗauko su a jirgin sama kamar sauran kaya, kuma ƙwararren ma'aikaci ne ke canja kwalbarsu. Idan ta ƙare, jira zai iya cin watanni. Ga kuma wata matsala ta zahiri: yawancin na'urorin ALD a jami'o'i suna ɗakunan da ake aikin silikon, masu kula da su kuwa ba sa son litiyam ko gari ya kusanci na'urarsu, don yana gurɓata aikin wasu. Ka tambayi mai kula da ɗakin kafin ka rubuta ALD a takardar shirin bincikenka. Shafa wa gari yana buƙatar na'ura ta musamman mai juya garin ko mai hura shi, irin wadda kamfanin Forge Nano ke ƙerawa, kuma ba kowane wuri ke da ita ba.

Harbin argon

A ɗakin bincike sfatarin ake ce masa. Ana kunna filasma ta argon, wato iskar argon da aka cika da cajin lantarki, a ɗakin da aka zuƙe wa iska, ƙwayoyin argon su riƙa dukan farantin oksaid, ɓarɓashinsa ya tashi ya sauka a kan kayanka. Ga ITO da AZO, a nan ake samun fim mafi inganci. Da shi ake yin na fuskar waya da na wasu faifan sola. Ba ya buƙatar zafi, yana da sauri, kuma babu sinadari mai kama wuta.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: a miƙe ɓarɓashin ke tafiya. Ilektirod mai kaurin maikuromita 50 zuwa 100 cike yake da ramuka, kuma abin da zai faru kamar yayyafi ne a kan tsibin tsakuwa, sama ta jiƙe, ciki a bushe. Za ka iya ganin ɗan ci gaba, tunda saman ne ya fi fuskantar ruwan batir, amma ba za ka ce ka rufe ƙwayoyin katod ba. Inda yake haskakawa shi ne shimfiɗaɗɗen abu: takardar alminiyam ko ta jan ƙarfe kafin a shafa mata kwaɓi, farantin zinki, ko siraran batira marasa ruwa irin waɗanda aka fara yi da LiPON, daskararren abin da ke maye gurbin ruwan batir, a ɗakin binciken Oak Ridge a farkon shekarun 1990. Na'urar tana da tsada kusan kamar ta ALD, sai dai ta fi yawa a jami'o'i saboda masu binciken sola. Farantin ITO ya fi na AZO tsada saboda indiyam, kuma farantin oksaid yana tsagewa idan aka ɗaga wuta da garaje. Filasma mai ƙarfi tana iya ƙona ƙaron ilektirod, don haka a fara da ƙaramar wuta.

Ajiyewa da lantarki

A nan ana tsoma kayan cikin ruwan gishirin ƙarfe, a ba shi wuta, oksaid ya taru a jikinsa. Na'urar da ake buƙata tana kowane ɗakin binciken batir. PbO2 da MnO2 da ZnO duk suna fitowa ta wannan hanya, kuma tana da kyau a kan ƙyallen kabon, soson nikel ko farantin taitaniyam. Ga mai aikin batirin zinki, batirin dalma ko sufakafasita (ma'ajiyar wuta mai saurin caji), ita ce ta farko. Ga katod ɗin litiyam mai nikel kuwa a manta da ita, tunda cikin ruwa ake yi. Mai aiki da dalma ya san guba ce, ruwan da ya rage ba na zubarwa a kwata ba ne.

Akwai kuma feshi a kan faranti mai zafi, wanda ake yin SnO2 mai fulorin da shi a digiri 400 ko sama. Ba shi da tsada, amma zafinsa ya hana shi taɓa gamammen ilektirod, kuma hayaƙinsa na asid ne.

| Hanya | Kuɗi | Zafi | Shiga lungu | Iko a kan kauri | Babban hatsari |
|---|---|---|---|---|---|
| Sol-jel | kaɗan | digiri 400–600 | yana rufe gari, amma da gibi | rauni | ruwa ko tanda su ɓata katod |
| ALD | mai yawa | digiri 100–150 a kan ilektirod | ko'ina | mafi kyau | sinadarai masu kama wuta, jiran layi |
| Harbin argon | mai yawa | zafin ɗaki ya isa | sama kawai | mai kyau a shimfiɗe | filasma ta ƙona ƙaro |
| Ajiyewa da lantarki | kaɗan | ƙasa da digiri 100 | mai kyau a kan soso da ƙyalle | matsakaici | ruwa, gubar dalma |

Ƙarko, da yadda za ka tabbatar da shi

Ƙarkon rufi ya dogara ga ɓangaren batirin da aka sa shi. A katod, ZnO da Al2O3 suna sadaukar da kansu ne: suna shanye HF, a hankali su koma fulorayid. Wannan alheri ne, amma yana nufin AZO ɗin da ka shafa ba shi ne zai kasance a wurin bayan zagaye ɗari ba. A anod abin ya fi tsanani. ZnO da SnO2 da ITO duk suna haɗuwa da litiyam a ƙaramin bolt, su tarwatse su koma ƙarfe da Li2O, su kumbura. Mai shafa wa girafait ko silikon ITO ya sani tun cajin farko ba ITO ba ne kuma. TiO2 ya fi su haƙuri, yana karɓar litiyam a wajen bolt 1.7 ba tare da ya rushe ba.

Kowace hanya ka bi, sai ka yi samfurin kwatance da ya sha duk wahalar da na shafin ya sha amma ba a sa masa oksaid ba: a jiƙa shi a gasa, ko a sa shi cikin na'urar ALD a zafi ɗaya. Sau da yawa busarwar ce ta gyara batirin, ba rufin ba. Kada ka dogara da batirin kwabo CR2032 guda ɗaya, ka haɗa aƙalla uku na kowane iri. Ka kuma yi lissafin lokaci tun yanzu. A saurin C/2, wato caji a sa'a 2 saukewa a sa'a 2, zagaye ɗaya yana cin sa'a 4, zagaye 200 sa'a 800 ke nan, sama da wata guda, kuma ramukan na'urar gwaji rabawa ake yi. Wanda ke Jidda, Thuwal, Dhahran ko Jubail yana da ƙarin abokin gaba, wato danshin teku. Idan za ka ɗauki ilektirod daga Jidda zuwa Thuwal, tafiyar kilomita kamar 80, ka rufe shi cikin jaka a akwatin argon kafin ka fito. 'Yan Riyad sun samu sauƙi a nan.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Ɗalibin majistir mai shekara biyu, wanda jami'arsa ba ta da ALD a hannu: sol-jel a kan gari. Ya fara da LiCoO2 ko LiMn2O4 ko NMC mai ƙarancin nikel, waɗanda ke yafe kuskure, ya yi gwajinsa a digiri 55. Idan mushrif yana da hanya a KAUST ko KACST, cibiyar binciken kimiyya ta gwamnati a Riyad, sai a tura samfuri biyu ko uku a yi musu ALD don kwatance, ba a ɗora kundin gaba ɗaya a kai ba.

Ɗalibin dakta da ke son sanin yadda rufi ke aiki, ko mai katod mai yawan nikel da ba ya son ruwa: ALD a kan gamammen ilektirod, da sharaɗin ya samu izinin sa litiyam a na'urar a rubuce, ya kuma tabbatar akwai DEZ da TMA da za su kai shi ƙarshe.

Mai aikin siririn batir, ko mai son kare takardar alminiyam ko farantin zinki: harbin argon, kuma ya fara da AZO kafin ya kashe kuɗi a ITO. Mai batirin da ruwansa ruwa ne, zinki ko dalma: ajiyewa da lantarki. Wanda kuma burinsa aiki a masana'anta bayan karatu, ya ƙware a jiƙawa da busasshen haɗi, ya koyi auna nauyin rufi da ICP, na'urar auna yawan ƙarafa a cikin samfuri, ya iya maimaita sakamako ɗaya a kan giram 5 da giram 500.